Ƙyauren kabad a jikin injin wanki: ta ina ake farawa?

Tambaya: Injin wankina da ke ƙarƙashin kantar kicin ya lalace, na sayo sabo irinsa, wato wanda ake rufe fuskarsa da ƙyauren kabad. Da na ɗauko tsohon ƙyauren sai na ga ramukan hinjinsa ba su yi daidai da na sabon injin ba. An haɗo mini takardar awo a cikin kwalin, amma ina tsoron in huda a inda bai dace ba, ga shi kuma an daina yin irin wannan ƙyaure. Ta ina zan fara?

Amsa:

Malam, tsoron nan naka yana da dalili, domin ramin hinji faɗinsa milimita 35 ne, kuma idan ya sauka a gurbin da ba nasa ba, gyaransa ya fi hudarsa wuya nesa ba kusa ba. Sai dai shawarata ta farko ita ce ka ɗauke hankalinka daga kan ƙyauren tukuna. Ka shimfiɗa tsohon bargo a wani ɗaki, ka ajiye shi can inda ba za a ƙuje fuskarsa ba, ka dawo kan injin, saboda yawancin ƙyamaren da na gani sun karkace a irin wannan aiki, tun a wurin zaunar da injin aka yi kuskuren, kafin ma a ɗauki abin huda.

Dalili kuwa shi ne, sauran ƙyamaren kicin ɗinka suna rataye ne a jikin kabad, kabad kuwa ba ya motsi, kuma hinjinsu yana da sukurorin gyara waɗanda za ka murɗa ka ɗaga ƙyaure ko ka sauke shi, ka turo shi gaba ko ka mayar da shi baya. Wannan ƙyaure shi kaɗai ne yake rataye a jikin injin kansa, kuma hinjin da ake haɗowa da injin wanki galibi ba shi da wurin gyara, in ma akwai to bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Saboda haka duk inda injin ya karkata, can ƙyauren zai bi. Idan ka ɗaga ƙafar injin bayan ka riga ka huda, ƙyauren ya tashi kenan, ya bar layin 'yan'uwansa. Ƙafafun injin su ne sukurorin gyaranka, shi ya sa dole a gama da su kafin a taɓa fensir.

Kafin ka tura injin cikin gurbinsa, ka tabbata ka kwance manyan notukan da ke bayansa, waɗanda suke riƙe gangar wanki lokacin jigila. Yawanci uku ne ko huɗu. Idan aka manta da su, injin zai riƙa tsalle a lokacin matse ruwa har ya fito daga gurbinsa, kuma yana iya lalacewa. Sannan ka duba bayan gurbin da kyau. Irin wannan inji faɗinsa ƙasa kaɗan yake da santimita 60, tsayinsa wajen santimita 82, zurfinsa kuma an rage shi don ƙyaure ya samu wuri a gabansa, amma ragin ba shi da yawa. Idan akwai kan famfo, ko bututun magudana, ko soket a daidai bayan injin, za su tokare shi ya ƙi shigewa, ƙyauren kuma ya turo gaba ya zarce na kusa da shi. Abin da ya fi shi ne mahaɗar ruwa da ta wuta su kasance a cikin kabad ɗin da ke maƙwabtaka, a zura tiyo da waya ta rami a gefe. Yayin da kake tura injin, wani ya riƙa jan tiyon a hankali daga cikin kabad ɗin don kada ya lanƙwashe a baya.

A nan nake so ka ɓata lokaci. Ka auna daga daɓe zuwa ƙasan kanta a wurare huɗu, gaba da baya, hagu da dama, domin da wuya ka samu daɓen da ya miƙe sarai. Ka fara daidaita ƙafafun baya tun injin yana waje, tunda idan ya shige hannunka ba zai kai gare su ba, ka ɗaure notin da ke kulle kowace ƙafa, sannan ka tura shi ka gyara na gaba da sifana. Ka bar ɗan sarari na 'yan milimitoci tsakanin saman injin da ƙasan kanta, haka ma a gefe da gefe, kuma kada ka ɗaure injin da sukuru a jikin kanta ko kabad sai idan littafin bayaninsa ya ce a yi haka. Inji ne mai nauyin da yakan haura kilo 60, da tubalan kankare a cikinsa, gangarsa tana juyi 1200 ko 1400 a minti ɗaya, idan ya jingina da katako duk kicin ɗin zai ɗauki rawa tare da shi. Ka ɗora lebur, wato ma'aunin nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa, a gefen samansa na gaba, sannan ka manna shi a tsaye a fuskar injin. Mutane da yawa suna mantawa da awon na biyu, alhali idan injin ya kishingiɗa baya ko da kaɗan ne, saman ƙyauren zai nutse ciki, ƙasansa ya turo waje. Bayan haka ka danna kusurwoyin da hannu bibbiyu, ta hagu a gaba da ta dama, ka ji ko yana lilo. Idan ya yi ko ɗan ƙwas, akwai ƙafar da ba ta taka ƙasa ba.

Idan ka gamsu, ka manna salatif na takarda a daɓe a daidai gaban ƙafafun biyu don ya zama shaida, ka zuba tawul uku ko huɗu, ka kunna gajeren wanki har ya kai ga matse ruwa. Idan ya gama ka duba ko ya gusa daga shaidar. Wannan gwaji yana cin kusan awa ɗaya, kuma ni ban taɓa yin nadamar yinsa ba, domin shi ne zai nuna maka yoyon tiyo tun ba a rufe komai ba, ya kuma tabbatar maka cewa inda injin yake yanzu nan zai zauna.

Sai maganar ɓangaren da ƙyauren zai buɗe. A fuskar injin za ka ga ramuka masu zare a hagu da dama, an yi su ne don ka zaɓi gefen da za ka sa hinji, ɗaya gefen kuma ya ɗauki maganaɗisun da ke riƙe ƙyaure. Murfin gilashi na injin kansa a mafi yawan lokuta ta hagu yake rataye kuma ba a sauya masa gefe, don haka ya fi daɗin aiki idan ƙyauren kabad ma ta hagu yake, su buɗe tare su bar maka hanya. Amma ka lura da aljihun sabulu, wanda shi ma a saman hagu yake. Idan akwai bango ko wani dogon mariƙi a hagun da zai hana ƙyauren buɗewa sosai, aljihun zai riƙa karo da shi duk lokacin da aka jawo shi, to a nan gara ka mayar da hinjin dama.

Yanzu ka ɗaura hinji biyun a jikin injin, ba tare da ƙyaure ba, ka yi amfani da waɗanda suka zo a kwalin sabon injin, kada ka ce za ka maido na tsohon. Takardar awon da aka haɗo maka gaskiya take faɗa a kan abu biyu: tazarar da ke tsakanin hinjin sama da na ƙasa, da kuma nisan tsakiyar ramin daga bakin ƙyaure, wanda yakan kasance wajen milimita 22. Abin da takardar ba ta sani ba shi ne tsayin kantarka da yadda ka ɗaga ƙafafun injin, saboda haka nisan ramin farko daga saman ƙyaure kai ne za ka fitar da shi da kanka. Ka auna daga ƙasan kanta zuwa saman ƙyauren da ke maƙwabtaka, a ce ka samu milimita 4. Ka sake aunawa daga ƙasan kanta zuwa tsakiyar kofin hinjin sama, wato zagayayyen ɓangarensa da ke shiga cikin ramin ƙyaure, a ce ka samu 120. Ka cire 4 daga 120, saura 116, to nan ne tsakiyar ramin farko daga saman ƙyaurenka. Ramin na biyu kuwa sai ka ƙara tazarar da kamfanin ya bayar. A wasu injunan AEG da Zanussi da Electrolux tazarar milimita 416 ce, ka ga a misalinmu rami na biyu zai faɗa a 532, amma kowane kamfani da tasa tazarar, wannan ne ma ya sa tsofaffin ramukanka suka ƙi dacewa. Ka karanta taka a littafin, sannan ka tabbatar da ita da rula ta ƙarfe a jikin injin. Ita kanta takardar ka gwada ta da rula, domin takardar da aka ninke a kwali tana iya cinye milimita ɗaya ko biyu a wurin ninkin.

Akwai kuskuren da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'a, wato rikita hagu da dama. Ana yin alama ne a bayan ƙyaure yana kife, idan kuwa ya kife, gefen da ke hagunka a da ya koma dama. Maganinsa shi ne ka tsayar da ƙyauren a gaban injin yadda zai zauna, ka zagaya da hannu ka manna salatif a bayansa a gefen hinji, ka rubuta "sama" a wani salatif ɗin a gefen sama, sannan ka kwantar da shi. Tunda kuma ka ce ba a samun irin ƙyaurenka yanzu, ina roƙonka ka nemi guntun katako mai kauri ɗaya da shi, mai tsawon ƙyauren, ko da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ka yi duk awon a kansa, ka huda, ka rataye shi a jikin injin, ka rufe ka ga ko samansa ya yi layi da na kusa. Idan akwai kuskure, guntun katako ne ya ɗauka.

Game da tsofaffin ramukan, sai ka zana sababbin alamomin ka ga inda suka faɗa. Idan akwai lafiyayyen katako na aƙalla santimita ɗaya tsakanin tsohon rami da sabo, kuma sukurorin hinji ba za su faɗa cikin tsohon ba, ka huda abinka, ka rufe tsohon da murfin roba mai faɗin 35 da ake yi don haka. Idan kuwa sabon ya hau kan tsohon, ko da rabi ne, dole a cike tsohon tukuna, domin bakin huda yana buƙatar abin da tsininsa zai kama, in ba haka ba zai zame ya yage gefen. Ka yanko da'irar katako mai ƙarfi daidai faɗin ramin, ka shafa gam na katako a gindi da kewaye, ka danna ta ta zauna, ka goge gam ɗin da ya fito da ɗanyen tsumma, ka bar shi ya kwana. Washegari ka goge ta ta yi daidai da bayan ƙyauren, ka huda kamar ba a taɓa huda wurin ba. Wasu sukan juya ƙyauren, sama ya koma ƙasa, don su samu gefen da ba a taɓa ba. Dabara ce mai kyau idan ƙyauren ba shi da zane mai kai da gindi, kuma ramukan mariƙi ba za su koma inda za su ba da kunya ba.

Wurin huda kuma a nan ake asarar ƙyaure. Bakin da ake amfani da shi shi ne wanda ake kira Forstner, mai faɗin milimita 35, yana yanka rami mai shimfiɗaɗɗen gindi, amma ka fara auna kofin hinjinka, domin akwai injunan da kofinsu bai kai haka ba. Zurfin ramin yakan kama daga milimita 12 zuwa 14, ƙyauren kicin kuwa yawanci kaurinsa 18 ne ko 19. Ka ga abin da ya rage tsakanin gindin ramin da fuskar ƙyaure bai wuce milimita 4 zuwa 7 ba, kuma bakin yana da ɗan tsini a tsakiya wanda yake riga haƙoran shiga da kamar milimita 2 ko 3. A farkon shigata wannan aiki na taɓa huda wani farin ƙyaure mai sheƙi, na tsaya a daidai zurfin da littafi ya ce, da na juya shi sai na ga ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero ya taso a fuskarsa, tsinin bai fasa ba amma ya tura fentin waje. Babu yadda za a yi a mayar da shi, kuma duk wanda ya shigo da rana haske zai nuna masa wurin. Sai da na biya sabon ƙyaure, kuma tun daga ranar ban ƙara yarda da lamba ita kaɗai ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in dasa alamar tsakiya da bakin ƙusa, in kwantar da ƙyauren a kan allo mai santsi da tsumma a tsakani, in matse shi kada ya motsa, in fara a hankali har haƙoran su yanke fatar saman ba tare da sun ɓantare ta ba. Idan na kai wajen milimita 10 sai in tsaya, in hure garin katakon, in gwada kofin hinjin, in ƙara kaɗan, in sake gwadawa, har sai leɓen hinjin ya kwanta a jikin ƙyaure. Da zarar ya kwanta an gama, ko da littafi ya ce saura milimita ɗaya. Ka riƙe injin hudar a miƙe, idan da hali wani ya tsuguna a gefe ya riƙa gaya maka in ka karkata.

Idan ƙyaurenka irin mai firam ne, wato mai kauri a kewaye da siririn allo a tsakiya, ka tabbata ramin gaba ɗayansa ya faɗa a cikin firam ɗin, haka ma duk wani sukuru.

Kafin ka zaunar da hinjin, ka shafa ɗan fenti ko banish ko gam mai hana ruwa a cikin ramin. Yawancin ƙyamaren kicin da MDF ake yinsu, wato allon da aka matse daga garin katako da gam, ko da matsattsen ɓarɓashin katako, kuma irin wannan katako idan ya sha laima kumbura yake yi, ba ya kuma komawa yadda yake. Sannan ka sa kofin a rami, ka daidaita shi da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafintoci, don kada ya kalli gefe, ka yi alamar sukurori, ka huda musu 'yar hanya da baki mai milimita 2 wanda ka naɗa wa salatif a daidai zurfin da kake so. Kowane sukuru ka fara kara shi a bakin ƙyauren ka ga tsawonsa da idonka kafin ka ɗaura, domin sukurorin da ke cikin leda an yi su ne don ƙyamare masu kauri daban-daban, daga 16 har zuwa 22. Ka ɗaure da hannu. Injin ɗaure sukuru yana saurin cinye zaren a irin wannan katako, sukurun ya riƙa juyawa a banza.

Wajen ratayewa ka tara guntayen katako a ƙasa su ɗauki nauyin ƙyauren, ko wani ya riƙe maka. Ka sa duk sukurorin da ke shiga jikin injin sako-sako, ka rufe ƙyauren ka duba, sannan ka ƙarasa ɗaurewa. Abin da kake nema shi ne saman ƙyauren ya yi layi da na maƙwabta, ratar da ke hagu da dama ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kamar milimita 3 ko 4, fuskarsa kuma ta yi daidai da tasu idan ka shafa da tafin hannu. Idan ratar ta buɗe a sama ta matse a ƙasa, injin ne ya karkata gefe, ka murɗa ƙafar gaba ɗaya rabin juyi ka sake dubawa, sannan ka sake gwada lilo. Idan ratar ta fi yawa a gefe guda daga sama har ƙasa, gusar da injin za ka yi. Idan ƙyauren ya turo gaba ko ya nutse, ka tura injin ko ka jawo shi, wasu injunan kuma suna zuwa da 'yan faifan roba da ake sawa a bayan hinji don cike bambancin kauri. Wani lokaci za ka tarar kabad ɗin kansu ba su miƙe sarai ba. Idan bambancin milimita ɗaya ne ko biyu, bi layin kabad ɗin, injin zai jure wannan, ido kuwa layin yake gani. Idan ya wuce haka, kada ka karkatar da injin don ka faranta wa ido, gara ka gyara hinjin ƙyamaren da ke kusa su matso su same shi.

Maganaɗisun ƙaramin abu ne amma shi ke hana ƙyaure kaɗawa lokacin matse ruwa. Ka ɗaura rabinsa a jikin injin a gefen da babu hinji, ka ɗiga ɗan man goge baki a tsakiyarsa, ka rufe ƙyauren a hankali ka buɗe, tabon da ya bari a baya nan ne gurbin ɗaya rabin. Ka duba kawunan sukurorin mariƙi ma, idan sun turo suna iya gogar fuskar injin ko maɓallin zaɓen wanki, sai ka nutsar da su cikin katakon kaɗan.

Saura allon ƙasa, wanda yake rufe ƙafafun kabad. An yi wa injin lungu a gindinsa don allon ya wuce ta gabansa a miƙe, amma a bayan allon nan ko dab da samansa matatar famfon fitar da ruwa take, galibi a ƙasan dama, inda tsabar kuɗi da maɓallan riga suke taruwa. Ranar da injin ya ƙi zubar da ruwa, nan za a fara buɗewa, ganga cike da ruwa. Don haka kada ka manne allon da gam ko ka kafe shi da ƙusa, ka bar shi a kan maƙalan roba yadda za a cire shi da hannu, idan kuma samansa ya tare murfin matatar ka rage shi a wurin, ka shafe inda ka yanka da abin hana ruwa. Ka buɗe ƙyauren ka rufe sau da yawa ka tabbata gindinsa ba ya gogar allon.

Bayan kowane wanki a riƙa barin murfin gilashin da ƙyauren a ɗan buɗe har cikin ya sha iska, saboda tururin da ke fitowa idan aka kulle shi a tsakanin ƙarfe da katako, bakin ƙyauren na ƙasa da kewayen hinji yake fara ci. Idan an yi mako biyu ko uku ana wanki, ka ɗauki sukundireba ka bi sukurorin hinjin ɗaya bayan ɗaya, na jikin injin da na jikin ƙyaure, domin girgiza takan sassauta su a farko, sannan ka leƙa ƙasa ka ga ko ƙafafun suna nan a kan shaidar salatif ɗin da ka manna.